An ce in cire niƙabi saboda tsaro, maigidana ya ce in bar karatun

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗaliba ce a wata makarantar koyon aikin ungozoma a nan Sakkwato, saura mini shekara ɗaya in kammala, kuma ina sanya niƙabi tun kafin in yi aure. Kwanan baya aka kama wani namiji ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai mata sanye da dogon hijabi da niƙabi, sai hukumar makaranta ta liƙa sanarwa cewa daga zango mai zuwa babu wadda za ta ƙara shiga harabar makaranta da fuska a rufe. Maigidana ya ce gara in ajiye karatun da in buɗe fuskata a gaban maza, alhali da sharaɗin zan kammala aka ɗaura mana aure. Yayana kuwa, wanda jami'in tsaro ne, cewa ya yi hukumar ta yi daidai, tunda Chadi da Faransa ma sun hana. Gida ya rabu biyu a kaina, ni kuma na rasa barci. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Allah ya kwantar miki da hankali, ya kuma saka miki da alheri a kan kishin addininki da na karatunki. Shawarata ita ce kada ki ajiye karatun nan, kuma kada ki ɗauka cewa sanarwar da aka liƙa ita ce ƙarshen magana, domin tsakanin abin da maigidanki ya faɗa da abin da yayanki ya faɗa akwai hanya mai faɗi wadda babu ɗayansu da ya tsaya ya duba.

Abubuwa biyu ne aka cuɗa wuri ɗaya a cikin wannan sanarwa. Na farko shi ne haƙƙin da kowace hukuma take da shi na sanin ko wane ne ya shigo wurin da aka ba ta amanarsa, wato a ga fuskarki a bakin ƙofa a tabbatar ke ce mai hoton da ke jikin katin shaida. Na biyu shi ne a ce fuskarki ta zauna a buɗe wuni guda, a aji da ɗakin karatu da masallaci da hanyar kanti, ko da an riga an san ke ce. Na farkon babu abin ja a cikinsa, kuma ina so ki karɓe shi da hannu biyu tun kafin a roƙe ki. Na biyun kuwa shi ne wanda sai an kawo masa hujja, kuma abin da ya faru a ɗakin kwananku bai isa ya zama hujjarsa ba, domin mutumin da aka kama ta ƙofa ya shiga, da an sami mace mai gadi da ta ce ya ɗaga mayafin fuskarsa da a nan zancen ya ƙare.

Amma kada ki raina tsoron da ke zuciyar yayanki, domin bai taso a banza ba. Tun daga watan Yunin 2014, lokacin da wata mace ta tayar da bam a ƙofar barikin soja a Gombe, har zuwa hare-haren Kano na watan Yulin 2014, da na Gwoza a watan Yunin 2024, masu tayar da ƙayar baya sun yi ta ɗaura wa mata da 'yan mata bam a ƙarƙashin sutura, da yawansu ma waɗanda aka sace ne aka tilasta musu. Mu kanmu a jihar nan ba baƙin tashin hankali ba ne, wanda duk yake da dangi a Sabon Birni ko Isa ko Goronyo ko Tangaza ya san abin da ake ciki. Mutumin da aikinsa shi ne tsayawa a shingen bincike, wanda ya san cewa kuskuren minti ɗaya yana iya cin rayuka, dole ne fuskar da ba ya gani ta dame shi. Idan kika fara magana da shi, ki fara da amincewa da wannan, za ki ga ya saurare ki.

Sai dai misalin Chadi da ya kawo yana da sauran bayani. A ranar 15 ga Yunin 2015 aka kai tagwayen hare-haren ƙunar baƙin wake a Njamena, a hedikwatar 'yan sanda da makarantar horar da su, mutum fiye da 30 suka rasu. Bayan kwana biyu gwamnati ta haramta rufe fuska, har ta ba da umarnin a kwashe irin wannan sutura daga kasuwanni a ƙona. Duk da haka, a ranar 11 ga Yuli, wata ɗaya bai cika ba, wani namiji da ya yi shigar mata ya rufe fuskarsa ya tayar da bam a ƙofar babbar kasuwar birnin, ya kashe mutum 15. Wannan labari ya gaskata yayanki ta fuska ɗaya, tunda ya nuna cewa miyagu suna fakewa da suturar nan. Ya kuma nuna cewa wanda ya yi niyyar kashe kansa da jama'a ba ya tsoron takardar doka, matan kirki ne kawai suke bin ta. Kamaru ta yi irin wannan hani a yankinta na Arewa Mai Nisa a watan Yulin 2015, Nijar ma ta yi a jihar Difa, kuma hare-hare ba su tsaya a yankunan nan ba saboda hanin. Dalili a fili yake: bam da bindiga ba a fuska ake ɓoye su ba, a jiki ne ko a jaka ko a mota, kuma babbar riga tana ɓoye abin da dogon hijabi yake ɓoyewa. Maganin wannan shi ne binciken jiki da na kaya, mace ta binciki mace, namiji ya binciki namiji. Abin da niƙabi yake ɓoyewa shi ne ko wace ce, wannan kuma ɗaga shi na ɗan lokaci ya wadatar.

Batun Faransa ma ya fi ƙarfafa hujjarki a kan tasa. Dokarsu an zartar da ita a 2010, ta fara aiki a watan Afrilun 2011, da tarar da ta kai Yuro 150, a lokacin da gwamnatin kanta ta ƙiyasta cewa masu rufe fuska a duk faɗin ƙasar ba su wuce kimanin 1,900 ba. Da wata mata ta kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, kotun ta bar dokar a hukuncinta na watan Yulin 2014, amma ba a kan hujjar tsaro ba. A game da tsaro cewa ta yi hani na gaba ɗaya ya wuce kima matuƙar ba a nuna akwai barazana ta gama-gari ba, tunda ana iya cimma bukatar ta hanyar wajabta wa mutum ya nuna fuskarsa a inda ake da dalilin tantance shi. Abin da ta dogara da shi shi ne irin zaman tare da Faransawa suka ce sun zaɓar wa kansu, wanda a ganinsu ganin fuskar juna yana cikinsa. A 2018 kuma Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce dokar ta tauye haƙƙin wasu mata biyu da aka ci tararsu. To, idan hujjar Faransa al'adar zaman tarensu ce, ai Sakkwato ma tana da tata al'adar, wadda mace mai lulluɓi ba baƙuwa ba ce a cikinta. Ko ƙasar Tunisiya, da ta ɗauki mataki bayan hare-haren birnin Tunis a 2019, a ma'aikatu da gine-ginen gwamnati ta taƙaita hanin.

A nan gida Najeriya babu wata dokar ƙasa da ta hana niƙabi. A ƙarshen Disambar 2015, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a hirarsa da 'yan jarida cewa idan hare-hare suka ci gaba za a iya kaiwa ga hana hijabi, malamai da ƙungiyoyin addini suka nuna rashin amincewa, kuma ba a yi dokar ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi, a ɓoye ko a sarari, kuma a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi na makarantun gwamnatin jihar Legas haƙƙinsu na sanya hijabi. Amma ina so ki riƙe abu biyu, don kada wani ya zuga ki da abin da ba haka yake ba. Wancan hukunci a kan hijabi aka yi shi, bai yi magana a kan rufe fuska ba. Sannan sashe na 45 ya yarda a taƙaita irin wannan 'yanci ta hanyar doka idan akwai dalili mai ma'ana na tsaro ko zaman lafiyar jama'a. Saboda haka kina da ƙafar tsayawa, amma ba wadda za ki shiga ofis kina buga tebur ba. Ƙarfinki yana cikin nuna cewa akwai hanya mafi sauƙi da za ta biya wa makaranta bukatarta ba tare da an tauye ki ba.

Yanzu sai maigidanki, wanda shi ne ya fi damuna a cikin wasiƙarki. Na ɗauka kishi ne da tsoron Allah suka sa shi faɗar abin da ya faɗa, kuma ba na so ki kalle shi a matsayin abokin gaba. Amma hukuncin da ya yanke ya fi abin da malamai suka faɗa tsanani. Saɓani a kan rufe fuska tsoho ne. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka karantar da iyayenmu a zaurukan garin nan, shi ne fuska da tafukan hannu ba al'aura ba ne, ko da yake wasu malaman mazhabar sun ce a rufe idan ana tsoron fitina. A cikin malaman wannan zamani, Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin suna ganin rufewa wajibi ne, Shaihu Albani kuwa yana ganin abin so ne mai lada amma bai kai wajibi ba. Abin lura shi ne, hatta waɗanda suka wajabta sun yarda mace ta buɗe fuskarta idan akwai bukata ta gaskiya, kamar ba da shaida a gaban alƙali, da neman magani, da cinikin da sai an san wanda aka yi da shi, da ganin mai neman aure. Da wannan rangwame ne matanmu masu niƙabi suke ɗaukar hoton fasfo na aikin hajji, da na katin ɗan ƙasa, da na asusun banki, ba a kuma taɓa jin an ce sun yi zunubi ba. Ƙa'idar malamai ce cewa lalura tana halatta abin da aka hana, kuma ana auna ta gwargwadon girmanta. Rabin farko na ƙa'idar amsa ce ga maigidanki, rabi na biyu kuma amsa ce ga makarantarku.

Akwai kuma abin da ya faru a tarihinmu wanda ya kamata ya sani. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya yi masa gyara a kan barin mata suna halartar majalisinsa, yana tsoron cuɗanya da maza. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, kuma gundarin amsar shi ne ba su yarda da cuɗanya ba, suna ma hana ta, amma barin mata cikin jahilci ɓarna ce da ta fi wannan girma, kuma ana kawar da babbar ɓarna ta hanyar jure wa ƙarama. Daga wannan gida ne Nana Asma'u ta fito, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta riƙa tura jajis, wato malamai mata masu jagoranci, zuwa ƙauyuka suna karantar da mata. Wanda duk yake alfahari da garin Shehu bai kamata cire mace daga karatu ya zama abu na farko da zai zo masa a rai ba.

Balle kuma irin karatun da kike yi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suke rasuwa a duniya saboda ciki da haihuwa a Najeriya suke, kuma kowa ya san cewa yankinmu na arewa maso yamma yana cikin inda abin ya fi muni. Mata nawa ne suke naƙuda a ɗaki har jini ya ƙare musu, saboda su ko mazajensu ba sa son namiji ya karɓi haihuwar? Duk ungozoma mace da ta kammala karatu sutura ce ga ɗaruruwan mata waɗanda ba don ita ba da sai dai namiji ya duba su ko su zauna a gida. Idan maigidanki yana kishin suturar mace Musulma, to kammala karatunki yana cikin wannan kishi. Ki gaya masa wannan da taushin murya, a lokacin da hankalinsa yake kwance, kada ki faɗa masa a gaban yayanki ko wani daga danginki, domin idan abin ya zama gasar wanda zai yi rinjaye tsakanin miji da suruki, ke ce za ki yi asara. Idan bai sauko ba, ki roƙe shi ku je wurin malamin da shi kansa ya yarda da shi, ku karanta masa sanarwar kamar yadda take, ku kuma gaya masa saura shekara ɗaya. Batun sharaɗin da aka yi kafin aure kuwa, ki bar wa mahaifinki ko waliyyinki ya tuna masa, domin daga bakinsu zai zo a matsayin alƙawari tsakanin manya, wanda addini ya yi umarnin a cika, daga bakinki kuma yana iya jin sa kamar gori.

Game da makaranta, tunda sai zango mai zuwa dokar za ta fara aiki, kina da lokaci, kuma kada ki ɓata shi. Ki samu sauran ɗalibai masu niƙabi, ku nemi shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi na makarantarku da wata malama da ake ganin girmanta, ku rubuta takarda ɗaya zuwa ga mai kula da harkokin ɗalibai. Ku buɗe ta da gode wa hukuma a kan kama wancan mutum, tare da bayyana cewa ku ne kuka fi kowa son a tsare ɗakin kwanan, tunda ku ne masu kwana a ciki kuma sunan suturarku aka ɓata. Sannan ku kawo abin da kuka yarda da shi a rubuce: a ajiye mace mai gadi a babbar ƙofa da ƙofar ɗakin kwana, a rataya labule a wani lungu inda kowace mai niƙabi za ta ɗaga shi a gwada fuskarta da katin shaidarta duk shigowa, a binciki jaka da jiki idan an ga dama, a kuma yi irin wannan tantancewa a ƙofar ɗakin jarrabawa, domin na san tsoron a rubuta wa wata jarrabawa yana cikin abin da ke damun hukumomin makarantu ko ba su faɗa ba. Ku ƙara da cewa idan wata rana babu mace a ƙofa, ba za ku ƙi ɗagawa na ɗan lokaci ga mai gadi namiji ba. Wannan jumla za ta yi wa wasunku nauyi, amma ita ce za ta nuna cewa da gaske kuke, kuma tana cikin abin da malamai suka yi rangwame a kai. A asibiti kuwa, lokacin aikin koyo, ki bi ƙa'idar kayan aiki yadda take, domin a ɗakin haihuwa da na tiyata lafiyar majiyyaciya ce gaba da komai, kuma takunkumin baki da hanci da ake sanyawa a can ya rage miki yawancin damuwar. Kuna ma iya tuna wa hukuma cewa a 2020, lokacin annobar korona, kowa da takunkumi yake shiga banki da ofis da makaranta bisa umarnin gwamnati, kuma idan ana son ganin fuskar mutum cewa ake yi ya sauke shi ya mayar.

Ina roƙonki da babbar murya kada wannan magana ta hau Facebook ko zaurukan WhatsApp, kuma kada maigidanki ya je ƙofar makaranta da fushi. Batun addini idan ya bar hannun masu shi ya faɗa hannun jama'a ba a iya mayar da shi, kuma shugaban da aka zaga a bainar jama'a yakan kafe a kan abin da da an same shi a ofis cikin mutunci zai janye. Idan an yi watsi da takardarku, akwai hukumar gudanarwar makarantar, akwai ma'aikatar da take ƙarƙashinta, akwai iyayenmu mata na FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, waɗanda suka saba shiga tsakani a irin wannan, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, waɗanda ba a biyan kuɗi kafin a shigar da koke a wurinsu. Yayanki ma yana da amfani a nan, domin ya fi ku sanin yadda ake tsara binciken ƙofa, kuma idan ya duba takardar ya gyara muku, ya zama naku ke nan.

Saura tambayar da na san ita ce take hana ki barci: idan an bi duk waɗannan hanyoyi suka ƙi fa? A ganina, kuma ina faɗar wannan da sanin nauyinsa, ki kammala shekararki. Ki sanya niƙabinki daga gida har ƙofar makaranta, ki cire a inda aka tilasta miki, ki mayar idan kin fito, da cikakken hijabinki da kamun kanki, kina mai riƙo da maganar manyan malaman da suka ce fuska ba al'aura ba ce, kuma kokenku yana ci gaba da tafiya a hannun waɗanda kuka kai wa. Shekara ɗaya ce mai iyaka a kan mas'alar da malamai suka yi saɓani, a gefe guda kuma ga aikin da za ki yi shekaru kina ceton mata da shi. Ki yi istihara, ki kuma tabbatar maigidanki ya ji wannan daga bakin malaminsa kafin ranar komawa makaranta, don kada ranar ta zo ku biyu ba ku tsayar da magana ɗaya ba. Takardar kuwa ku shigar da ita cikin makon nan, ku karɓi kwafi mai hatimin ofishin da ya karɓa, ku ajiye a wurin malamar da ta shige muku gaba.